A Kwatano Aka Fara Kashe Babana

A Kwatano aka fara kashe Babana, da hantsi, a tsakar gidan wata mai sayar da busasshen kifi, ina tsugune bakin rariya ina wanke ƙafa.

Sunana Murja, 'yar Tafoki ce ni ta ƙasar Faskari. Ina aji ɗaya na babbar sakandare aka rufe makarantarmu ta kwana saboda 'yan bindiga. Muka dawo gida da akwatunanmu, aka ce sai an neme mu, ba a kuma neme mu ba. Hajiya Larai 'yar'uwar Inna ce ta nesa, tana aure a Sabuwa, tana fataucin turaren wuta da atamfa tsakanin ƙasarmu da Gana. Ita ta ce wa Baba akwai makarantar 'yan mata ta Musulmi a Kumasi, ta san masu ita, kuma kyauta za su ɗauke ni. Baba ya yarda. Karatu ya fitar da ni daga gida, ba wani abu ba.

Har muka wuce Legas ban ga aibun Hajiya ba, sai dai yawan surutu da cin goro. A bakin iyaka ta ce in aka tambaye ni in ce ni ɗiyarta ce. Ba wanda ya tambaye ni. Na ɗauka iyakar abin ke nan.

A zangon Kwatano, unguwar Hausawa, muka sauka gidan wannan mai kifi. Matar ta gaishe ni, na amsa can ƙasa kamar yadda na saba. Sai ta ce da Hajiya, "Wannan fa, ba ta magana ne?"

Hajiya ta cire goro daga bakinta, ta yi doguwar ajiyar zuciya.

"Ina za ta yi magana, da abin da idonta ya gani? Marainiya ce. A gabanta aka harbe uban."

Na ɗago da buta a hannu. Hajiya ta dube ni, ta ɗan kanne ido, ta mayar da goronta.

Kafin in share ƙafa gidan ya cika da mata. An ce wanda ya shafa kan maraya yana da lada adadin gashin da hannunsa ya taɓa, su kuwa matan zangon nan ba su wasa da wannan. Suka yi layi a kaina. Hannu mai ƙarnin kifi, hannu mai ƙamshin man shafawa, hannu mai zobe da ya maƙale a zaren hijabina. Wata tsohuwa ta tura hannunta har ƙarƙashin hijabin, wai sai ya taɓa gashin kansa ladan ke cika. Ba wadda ta tambayi sunana. Suna gamawa sai su juya wajen Hajiya, su dunƙula mata abu a hannu, ita kuma tana "Allah ya ba da lada" tana turawa a jaka.

Da muka keɓe a ɗaki na yi ta maza na ce, "Hajiya, Baba fa..."

"Na sani. Ni na ce maki ya mutu?" Tana warware ɗaurin kaya, ko kallona ba ta yi ba. "Mota da ruwa take tafiya? Mutanen nan sun ƙoshi, wurin zuba lada suke nema. Mun taimake su, sun taimake mu. Ke dai ki yi shirunki, ai shi kika fi iyawa."

Wannan maganar ta fi komai ƙona mani rai. A gida shiruna abin tsokana ne. Ƙannena suna ce mani kurma, Inna tana cewa bakina ya fi dutsen niƙa nauyi. Shirun nan dai, ban ƙara mashi komai ba, ban rage ba, ya tsallaka iyaka ya zama shaidar mutuwa. Na so in kira gida, amma a lokacin an yanke layin waya a duk yankinmu. In ka kira, sai wata mata ta yi ta ba ka haƙuri da Turanci.

A Lome abin ya ƙaru. Hajiya ta karɓe hijabina mai ruwan toka da Inna ta saya mani sabo, ta ba ni wani koɗaɗɗe da ta ciro daga ƙasan jaka. Ta karɓe takalmina na makaranta, ta ce ya yi kyau da yawa. A can ba cikin gida aka tsaya ba, wurin karatun matan aure ta kai ni, bayan la'asar, aka zaunar da ni a gaban allo. Ta riga ta koya mani abin da zan ce: muna gona, babura suka zo, na ɓuya cikin dawa. Na faɗa kamar mai biya hadda, idona a kan tabarma. Akwai wani wuri da tabarmar ta ƙone da garwashi, shi na yi ta kallo.

Sai wata mata daga baya ta ce, "Wace riga ce a jikinsa ranar?"

Ban san abin da ya sa ta tambaya ba. Hajiya ba ta koya mani wannan ba. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne gaskiya. Na ce 'yar shara ce ruwan ƙasa, aljihunta ya taɓa yagewa, Inna ta ɗinke da farin zare don babu mai kalar. Na ce in zai sunkuya yakan dafe aljihun da hannu kada carbinsa ya faɗo.

Ina faɗar haka na gan shi. Na gan shi ya dafe aljihun, na gan shi ya faɗi a kan kunyar gona, na ga farin zaren nan ya jiƙe. Kuka ya ƙwace mani, na gaske, har da shessheƙa. Matan suka ɗauka, wurin ya rikice. A hanyar komawa masauki Hajiya ta saya mani tsire.

"Ashe kin iya," in ji ta. "Wannan na zaren ki riƙe shi, kada ki bari."

Ƙaryar tata ce, amma rigar ta Babana ce. Ni na ɗauko ta daga gida na sa wa gawar. Daga ranar, in na tuna Baba, ba ya zuwa mani a zaune yana sauraren rediyo kamar da. A kwance yake zuwa. Sai na yi da ƙarfi nake tayar da shi.

A motar da ta ɗauke mu daga Lome na zauna kusa da wata mata mai ƙiba, da sarƙar giciye a wuya, da kwando a cinya. Ba ta jin Hausa, ba na jin yarensu. Da ta ga ina gyangyaɗi kaina na bugun taga, sai ta jawo ni ta kwantar a kafaɗarta. Da na farka ta ɓare mani soyayyar ayaba daga cikin ganye, ta nuna mani inda barkono yake da yatsa, ta yi alamar in yi hankali. Hajiya tana kujerar gaba tana barci, ba ta samu ta gaya mata komai ba. A duk tafiyar nan, matar nan kaɗai ce ta ba ni abu ba tare da an kashe mani kowa ba. Ta sauka a wani gari mai yawan itatuwan kwakwa, ta ɗaga mani hannu.

Makarantar Kumasi gaskiya ce, akwai ta. Wannan ma wani abin haushi ne, don da babu ita da abin ya zo mani da sauƙi. Gini ne mai ruwan ɗorawa a bayan zango, da tagogin gilas, da ɗakin littattafai wanda ƙamshin takarda ke fitowa ta ƙofarsa. Na leƙa wani aji na ga malama tana zana zuciyar ɗan Adam a allo da alli ja da shuɗi, daidai darasin da muka tsaya a kai ranar da aka ce mu haɗa kaya. Na tsaya a tagar har Hajiya ta ja ni. A bakin ƙofa ne na karanta allon da ke sama. Makarantar marayu ce.

Ashe tun a tsakar gidanmu, tana shan furar Inna, tana ce wa Baba "kyauta," ta san abin da kyautar ke nufi.

Mai kula da makarantar wata dattijuwa ce, Hajiya Adiza, kowa na ce mata Mma. A Kumasi aka haife ta, amma mahaifinta mutumin ƙasar Katsina ne, Hausarta irin tamu ce. Siririya ce, tana tafiya da sanda, gilashinta ɗaure da zare ta baya. A gidanta muka sauka. Washegari wasu Alhazai na kwamitin makarantar suka zauna, aka kira ni, na ba da labarin. Har da zaren. Suka girgiza kai, suka ce an karɓe ni. Aka gwada mani kayan makaranta, kore da fari, tela ya ce Litinin za su fito.

Ba zan ce ban yi murna ba. Na yi.

Amma Mma tana da al'ada. Duk yarinyar da aka karɓa, kafin ta shiga aji sai an yi wa mamacinta saukar Alƙur'ani da sadaka ranar Juma'a. Tun da safe aka ɗora tukwane. Aka toya waina, aka dafa shinkafa da wake, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, malamai suka zo aka raba masu izu-izu. Mata suna ciki, ni ina tsakiyarsu. Da aka kammala, babban malamin ya aiko a tambayi sunan mamacin. A Kwatano da Lome ba wanda ya taɓa tambaya. "Uban yarinyar" kawai ake cewa, kuma uban yarinya zai iya zama kowa.

Na dubi Hajiya Larai. Ta ɗaga mani gira. Na faɗi sunan.

Sai na ji muryar malamin daga waje, a sarari, kowa na ji: "Marigayi Malam Isiyaku na Tafoki. Allah ya haskaka kabarinsa. Allah ya sa ƙasa ta yi masa sauƙi."

Aka ce amin, gida da waje.

Ban san sanda na miƙe ba. Na ce, "Bai mutu ba."

Ba a ji ni ba, don haka na sake faɗa, da muryar da ban san ina da ita ba. "Babana bai mutu ba. Yana Tafoki. Na baro shi yana gyaran rumbu."

Kowa ya juyo yana kallona. Na ɗauka shi ke nan, asiri ya tonu, za a juya kan Hajiya. Sai wata mata kusa da ni ta dafe ƙirji ta ce, "Allah sarki."

Hajiya Larai ta taso a hankali, idonta har ya kawo ruwa. "Haka take yi," in ji ta. "Tun ranar. Wani lokaci da asuba sai ta ce za ta kai mashi koko gona."

"Ƙarya take yi. Ita ta koya mani. Ku tambaye ta hijabina."

"Na'am, ɗiyata, na'am. Yana nan. Zauna."

Suka kama ni suka zaunar. Wata ta tofa addu'a a ruwa ta shafa mani a fuska. Wata ta ce ita ma ƙanwarta haka ta yi, sai da aka kai ta kan kabarin. Duk abin da na faɗa sai ya ƙara masu tabbaci. Na rantse, suka ce ruɗewa ce. Na yi kuka, suka ce gara ta fitar. Na yi shiru, suka ce ta fara dawowa hayyacinta. Hannuwa suka dawo kaina, fiye da na ko'ina. Da na yi ƙarya, kowa ya yarda ba tare da shaida ba. Yau na faɗi gaskiya, an aika a karɓo mani rubutu.

Aka kawo mani waina a faranti, ta sadakar Babana. Na ture. Aka kawo shinkafar, na ture. Na koma bayan ɗakin girki na zauna a kan turmin da aka kife, ina kallon tururuwa na jan ƙwayar shinkafa.

Bayan la'asar na ji ƙarar sanda. Mma ce. Ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna da ƙyar, ta dube ni ta saman gilashi.

"Na tsufa cikin marayu," in ji ta. "Na ga mai kuka, na ga mai dariya, na ga wadda ta ce uban tafiya ya yi. Amma ban taɓa ganin wadda ke hararar mutane ba. Ke ba baƙin ciki ke cin ki ba. Fushi ne. Faɗa mani tun daga farko."

Na faɗa mata. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Larai ba za ta sake kwana gidana ba." Kuma haka aka yi, kafin magariba Hajiya Larai ta kwashe kayanta. Ta wuce ni a zaure ta ce, "Kin yi wa kanki," ba ta kuma bar mani takalmina ba.

Amma maganar Mma ba ta ƙare a nan ba. Ta ce, "Yanzu saura ke. Masu ba da kuɗin makarantar nan sharaɗi suka kafa, maraya kawai. Kwamiti ba su ɗaga ƙafa, na sha gwadawa. Su dai sun karɓe ki, kuma abin da kika yi yau ciwo suka ɗauke shi. Ni kaɗai na san gaskiya, ni kuwa bakina a rufe yake. Yarinyar da aka kora daga ajinta da bindiga, a wurina marainiya ce, Allah ya ga zuciyata. Litinin ki sa kayanki."

Na ce, "Mma, Baba fa?"

"Shekara uku ce. Ran da kika karɓi takardarki sai ki tashe shi."

"Za a sake yi mashi addu'ar?"

"Duk shekara ana yi wa iyayen ɗalibai gaba ɗaya. Ki zauna cikin 'yan'uwanki ki ce amin. Addu'a ba ta kashe mutum."

Da alheri ta faɗa, na sani. Shi ya sa ya fi zafi. Macuciya tana son in zama marainiya, mai tausayina ma haka take so. Kowa ya samo inda zai ajiye ni, kuma babu inda Babana ke numfashi a ciki.

Na kwana biyu ina jujjuya abin. Na tambayi kaina, wai wace ce ma zan ce ina karewa? A gida kurma ce ni. A makaranta Murja mai tsabtar rubutu. A hanya marainiya, ranar Juma'a mai taɓin hankali. Kowace an kira ni da ita na amsa, kuma kowace ta zauna mani daidai kamar don ni aka ɗinka. Hawayen Lome ma nawa ne, ba aro na yi ba. To in na iya zama duk waɗannan, me zai hana in ƙara shekara uku a cikin ɗaya? Wataƙila babu wata Murja ta ainihi a can ƙasa, sai dai wadda mutanen wurin suka ga dama. Na lalube kaina kamar mai neman allura a cikin tsumma. Ban samu wani abin kirki ba. Abu ɗaya kawai hannuna ya yi ta karo da shi: duk sanda na kwatanta kaina cikin koren kaya ina cewa amin, sai wani abu a cikina ya ƙi. Ba shi da hujja, ba shi da baki. Ƙi ne kawai. Ban san ko shi ne ni ba, amma shi kaɗai ne ba wanda ya ba ni.

Ranar Litinin tela ya kawo kayan a leda. Na karɓa, na shafa, na kai wa Mma. Na ce gida nake so.

Ta cire gilashinta ta goge. "Taurin kan Katsinawa," in ji ta. "Irin na ubana." Ba ta sake roƙona ba. Ta haɗa ni da wasu mata 'yan kasuwa masu zuwa Funtuwa, ta saya mani silifa, ta ƙulla mani gari da ƙuli. Da motarmu ta bi ta bayan makarantar ana cikin darasi, na ji ajin nan suna maimaita wani abu da murya ɗaya. Ban juya ba.

Labarina ya riga ni isa gida. Hajiya Larai ta biyo ta Tafoki kafin ta wuce Sabuwa, ta ce iska ta taɓa ni a hanya, na kunyata ta a gaban manyan mutane, na yi fatali da makarantar da wasu ke nema da kuka. Yara suka bi ni da kallo tun daga bakin hanya. Inna ta rungume ni tana leƙa idona, tana neman aljanin.

Baba yana zaure yana ɓare masara a kwando. Ya rame kaɗan. Na durƙusa na gaishe shi, na kasa ɗauke idona daga hannuwansa, don suna motsi.

Ya ce, "To, mi ya faru?"

Na gaya mashi duka. Da na zo kan mutuwar sai ya ajiye masarar.

"A ina aka ce na faɗi?"

"A gona, Baba. Kusa da dawa."

"Ina gudu?"

"A'a. A tsaye kake."

"To, alhamdu lillahi, ba a kashe ni da gudu ba." Ya yi dariya har da tari. "Kuma har sauka aka yi mani? Da waina? Ni da ko a raye ban samu wannan ba."

Na fara murmushi. Sai dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya ɗauki wani kan masara ya jujjuya, bai ɓare ba.

"Makarantar, da gaske akwai ta?"

"Akwai, Baba."

"Da malamai? Da littattafai?"

"Ɗaki guda."

"Kuma sun karɓe ki."

"Sun karɓe ni."

Ya dubi ƙofar zaure. Sannan ya ce a hankali, "Murja, da kin bar ni a macen. Mi zai rage ni da shi? Mu nan kullum a bakin hakan muke, ba wanda ke ba mu ko sisi a kai. Sau ɗaya mutuwata za ta yi maki amfani."

Raina ya ɓaci fiye da yadda ya ɓaci a Kwatano, fiye da na ranar Juma'ar nan. Na tsallaka ƙasashe a kan silifa don in tarar da shi da rai, shi kuma ga shi yana tayin kansa. Maganganu suka cika mani baki. Abin da ya fito kaɗan ne.

"Na gwada, Baba. Ban iya ba."

Ya dube ni, irin kallon da yake yi wa sama in ruwa ya zo bayan shuka ta riga ta bushe.

"To," in ji shi. "Allah ya yi maki albarka."

Ya turo mani kwandon da ƙafa. Na gyara zama na ɗauki masara. Makarantarmu tana nan a rufe, ciyawa ta kai taga. Har yau ban san wa ya sa wa albarkar ba, wadda ta dawo, ko wadda ya so a ce ta zauna a Kumasi.